Yadda za ka bi diddigin Baturiyar da ta zauna a Kano har ka gano gidan ubanta

Kakana na wajen uba kuku ne. A unguwarmu ta Fagge ba mai kiran sunansa na yanka, Baba Kuku kawai ake cewa, don shekarunsa na ƙarfi duk a gindin murhun Turawa ya ƙarar da su, tsakanin Bompai da Nassarawa. Da ya rasu ya bar wata adakar ƙarfe, ta yi ta yawo daga ɗakin wannan zuwa ƙarƙashin gadon wancan, har ta faɗo hannuna lokacin da za a yi wa gidan kwaskwarima. Da na ɓalle kwaɗon sai na tarar da jar dara da asu ya cinye rabinta, da ludayin ƙarfe mai dogon hannu, da aninai da kwabbai masu huji, sai kuma takardu uku naɗe cikin ƙyalle. Ɗaya takardar shaidar aiki ce da wata Baturiya ta rubuta masa da hannunta. Ɗaya ambulan ce mai kan sarki ɗauke da sunayen Kenya da Uganda da Tanganyika a haɗe. Ta ukun katin gaisuwar Kirsimeti ne da ke cikin ambulan ɗin.

Daga waɗannan takardu uku na kai ga sunan uban matar, da sana'arsa, da garin da aka haife ta, har da kakanta wanda bai iya rubuta sunansa ba. Ban taɓa taka Ingila ba. Yawancin aikin a waya na yi shi ina zaune a zaure, sai zuwa Kaduna sau biyu. Tun da na ba da labarin a majalisa ake ta tambayata yadda aka yi, don ashe gidaje da yawa a Kano akwai irin wannan adaka: wani kakansa boyi ne, wani mai gadi, wani mai dawaki, wata kakarta ta yi wa Sista aiki a asibitin birni. Sunan matar ba zan faɗa ba, jikokinta na nan da rai kuma ban nemi izininsu ba. Zan ce mata Uwargida, yadda Baba Kuku yake ce mata.

Kada ka fara da intanet. Fara da tsofaffin gidanku tun suna da sauran kwana. Ni Gwaggona na samu, ƙanwar mahaifina, wadda ta haura tamanin amma ƙwaƙwalwarta garau. Na kai mata goro da turare, na zauna a bakin tabarma.

Na ce, "Gwaggo, Uwargidan nan da Baba ya yi wa aiki, kin santa kuwa?"

Ta ce, "Kai ɗan nan, ni da nake kai masa fura Bariki? Doguwa ce, ga gashi ja kamar gemun masara. Hausa a bakinta kamar jakin Kano. Ai 'yar sarauta ce, dangin Sarauniya."

Rubuta duk abin da aka gaya maka, har wanda ka san ba zai yiwu ba, amma kada ka tambayi tsohuwa shekara. Tambaye ta wa ke sarauta a lokacin. Sarki Abbas ya yi daga 1903 zuwa 1919, Usman daga 1919 zuwa 1926, Abdullahi Bayero, wato Sarki Alhaji, daga 1926 zuwa 1953, sai Sanusi daga 1953 zuwa 1963. Daga nan ka ƙara matsewa da abubuwan da ba a mantawa: kafin Yaƙin Hitila ne ko bayansa, kafin rikicin Kano na watan Mayun 1953 ne, ko tana nan lokacin da Sarauniya ta zo a 1956. Gwaggo ta ce zamanin Sarki Alhaji ne, an gama yaƙi, sojojin Bama sun dawo, kuma Uwargida ta tafi kafin rikici. Ka ga da hira kaɗai ta ƙulle min lamarin cikin 'yan shekaru.

Tambaya ta biyu ita ce aikin mijin. Razdan ne, ko Di'o, ko Joji, ko likita, ko Baturen makaranta, ko na reluwe, ko na kanti? Gwaggo ta ce Baturen gona ne, kullum yana ƙauye wajen manoman gyaɗa. Wannan amsa ta fi sunansa amfani, don sunan da tsofaffi za su ba ka laƙabi ne. Haka muke yi wa Turawa: Hanns Vischer ya zama Ɗan Hausa, Kyaftin Abadie na Zariya ya zama Mai Jimina, Gwamna Sharwood-Smith ya zama Mai Wandon Ƙarfe. Manya irin waɗannan an san laƙabinsu a littattafai. Ƙaramin ma'aikaci kuwa laƙabinsa ya mutu tare da masu kiransa.

Ka kuma yi hattara da kalmar Baturiya. A bakin kakanninmu duk farar fatar da ba Balarabiya ba Baturiya ce. Ɗan Hausa kansa a Siwizalan aka haife shi, matarsa ma 'yar can ce. Kantunan Faransawa na nan, Girkawa na nan, masu asibitin ido na Sabon Gari da aka buɗe a 1943 yawancinsu daga Amurka da Kanada suka zo. Ko cikin 'yan Birtaniya ma da yawa 'yan Sikotilan ne, su kuwa rajistarsu daban take, a shafin ScotlandsPeople, kuma ta faro ne daga 1855. Abin da zan faɗa nan gaba na Ingila da Wales ne. Wani abokina da ya ji ina neman Baturiya ya ce ko Flora Shaw ce. Ita wannan, da ta raɗa wa ƙasar suna a jaridar Times a 1897 ta kuma auri Gwamna Lugga a 1902, ba ta daɗe a nan ba rashin lafiya ya mayar da ita gida, kuma asalinta a rubuce yake, ba ya bukatar wahalata.

Yanzu ɗauko takardar ka duba sa hannun. A nan ne babbar matsalar take, kuma in ka fahimce ta ka fahimci aikin duka. Mu mace ko ta yi aure goma 'yar gidan wane ce, da sunan ubanta za a neme ta. Baturiyar wancan zamani kuwa ranar da aka ɗaura mata aure sunan gidansu ya nutse. Sunan dangin miji take ɗauka, sau da yawa har da baƙaƙen farko na sunansa. A takardar Baba Kuku abin da ke ƙasa shi ne Misis, sai baƙi biyu, sai sunan dangi. Na yi makonni ina neman mace mai waɗannan baƙaƙe biyu, ashe na mijin ne. Saboda haka ba matar za ka fara nema ba. Mijin za ka bi har ka kai ga auren, auren ya ba ka sunan ubanta, uban ya kai ka gidan.

In mijin ma'aikacin gwamnati ne, hanyarka Kaduna ce, gidan adana takardun tarihi na ƙasa. Takardun lardin Kano suna ƙarƙashin taken KANOPROF, na sakatariyar lardunan Arewa kuma SNP. Amma kafin ka nutse cikin fayiloli, nemi littafin jerin ma'aikata da ake kira Staff List, da kuma Gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati, na shekarun da ka ƙulle. Littafin jerin ma'aikata yana bin sashe sashe, ga na mulki, ga na lafiya, ga na gona, yana ba da sunan mutum da muƙaminsa da ranar da aka fara ɗaukarsa aiki. Gazet kuma yana faɗin wa ya tafi hutu, wa ya dawo, wa aka yi wa canjin wuri. Je ka da katin shaida, da fensir, da haƙuri, ka kuma nemi izini kafin ka ɗauki hoton komai. Takardun sun tsufa, wasu in ka juya su da garaje sai su karye kamar busasshen ganyen kuka. Wani dattijo cikin ma'aikatan ya ga ina ta lalube, ya ce, "Malam, mace kake nema a nan? Ai sai dai ka same ta a gefen takardar mijinta." Gaskiyarsa. Lugga bai so ma'aikata su zo da mata ba, kuma har bayansa ƙaramin ma'aikaci sai ya nemi izini kafin ya kawo iyali. In ka yi sa'a, irin wannan takardar neman izini ce kaɗai za ta ambace ta. In kana Kaduna ka leƙa Gidan Arewa ma, a nan gida kuma ka tuntuɓi Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da Gidan Ɗan Hausa.

In ba matar ma'aikaci ba ce, ƙofar ta canza. 'Yar mishan ɗin Angilikan, irin Ethel Miller, 'yar'uwar Likita Mila na Wusasa, wadda ta yi shekaru a Kano, takardun ƙungiyarsu suna Jami'ar Bamingam. Sistocin asibiti da ƙungiyar tura ma'aikatan jinya ƙasashen mallaka ta aiko, nasu suna laburaren Bodleian a Oksifod. Na ma'aikatan kamfanin UAC suna ma'adanar Unilever a Port Sunlight kusa da Libaful. Duk suna da adireshin imel, kuma in ka aika tambaya gajera mai suna da shekaru, ka fi samun amsa.

Da na dawo daga Kaduna da sunan mijin da shekarar da ya fara aiki, sai na shiga FreeBMD. Shafi ne na kyauta wanda masu sa kai suka kwafe fihirisar haihuwa da aure da mutuwa ta Ingila da Wales. Gwamnatinsu ta fara wannan rajista ne ranar 1 ga Yulin 1837. Fihirisar ba ta ba da rana, kwata-kwata take tafiya, wato Maris, Yuni, Satumba, Disamba, kuma kwatar da aka yi rajista ce, ba lallai wadda abin ya faru ba. Jaririn da aka haifa ƙarshen Nuwamba kana iya ganinsa a kwatar Maris ta shekara mai zuwa, don ana ba iyaye kwana 42. Abubuwa biyu ne za su cece ka. Daga 1912 fihirisar aure tana sa sunan dangin wanda aka aura a gefen kowane suna, ka ga in ka sami mijin ka sami sunan gidan matar. Daga kwatar Satumba ta 1911 kuma fihirisar haihuwa tana sa sunan gidan uwa.

A nan na yi kuskuren da ya cinye min wata huɗu da kuɗi. Sunan mijin na gama-gari ne, kamar a ce kana neman wani Musa a Kurmi. Maza uku na samu masu sunan, duk sun yi aure a shekarun da suka dace. Na zaɓi wanda ya yi aure a Landan, don a raina Baturen da zai zo Kano ai daga babban birni zai fito. Na bi matarsa, na gina mata bishiyar dangi har kakanni, na sayi takardar auren, har na fara ba Gwaggo labari. Da takardar ta iso sai na ga angon direban jirgin ƙasa ne, bai taɓa barin garinsu ba. Tun daga ranar na kafa wa kaina doka: ba na yarda da suna sai takardu biyu da ba su san juna ba sun haɗu a kan wani abu ban da sunan, ko adireshi, ko sana'a, ko ranar haihuwa. Bishiyoyin dangi da mutane ke ɗorawa a shafin binciken asali na Ancestry kuwa ka ɗauke su kamar jita-jitar bakin kasuwa. Wani ya yi kuskure, mutum ashirin sun kwafa.

Abin da ya fid da ni jerin fasinjojin jirgin ruwa ne, kuma shi ne ɓangaren da na fi jin daɗinsa. Gwamnatin Ingila ta adana jerin masu fita ta ruwa daga 1890 zuwa 1960, da na masu shigowa daga 1878 zuwa 1960. Asalin takardun suna Kew a Landan, amma an ɗora hotunansu a Ancestry da Findmypast. Shafukan na kuɗi ne, sai dai sukan ba da 'yan kwanakin gwaji kyauta. Shirya tambayoyinka a takarda tukuna, sannan ka buɗe gwajin, ka zazzage duk abin da ka gani, ka rufe kafin a fara cirar kuɗi. Ma'aikatan Najeriya jiragen Elder Dempster suke hawa daga Libaful zuwa Ikko, irin su Accra da Apapa, daga baya Aureol, sannan su kamo jirgin ƙasa zuwa Kano, wanda layinsa ya iso nan a 1911. Tunda kowane shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi suke komawa hutu, mutum ɗaya sai ka gan shi sau biyar ko shida. Kowane layi na ɗauke da suna, da shekaru, da sana'a, da adireshin da mutum zai sauka a Ingila, da ƙasar da yake nufin zama nan gaba. Na ga Baturen gonana, a ƙasansa ga matarsa da sunanta na yanka, karo na farko da na gan shi a rubuce. Sau uku suna ba da adireshi ɗaya, wani gida a wani ƙaramin gari a gundumar Nofok, gabashin Ingila. Ɗaya cikin aure ukun nan na FreeBMD a wannan yankin aka yi rajistarsa. Faɗuwa ta zo daidai da zama.

Ka sani dai wanda ya hau jirgin sama ba ya cikin wannan jeri, kuma Kano babbar tashar jiragen sama ce bayan yaƙi, don haka in mutum ya ɓace maka a shekarun ƙarshe, wataƙila ta sama ya bi. Haka kuma wasu amaren a Ikko ake ɗaura musu aure suna saukowa daga jirgi. Irin wannan aure ba za ka gan shi a fihirisar Ingila ba, sai ka nemi sanarwarsa a tsofaffin jaridunsu, ko ka duba jerin fasinja ka ga budurwar da ta taho da wani suna ta koma da wani.

Da adireshin a hannu sai na buɗe rajistar 1939. Ranar 29 ga Satumban 1939, ana fara yaƙi, suka rubuta kowa da kowa don katin shaida da rabon abinci. Tana da daraja ƙwarai, domin takardun ƙidayar 1931 gobara ta cinye su a 1942, ta 1941 kuma ba a yi ba saboda yaƙi. Tana ba da cikakkiyar ranar haihuwa. Wanda bai cika shekara 100 da haihuwa ba, kuma ba a tabbatar da mutuwarsa ba, an rufe layinsa da baƙin zane. Abin da ya fi burge ni shi ne an ci gaba da gyara rajistar shekaru da yawa bayan haka, in mace ta yi aure sai a soke sunan gidansu a rubuta na miji a sama. A gidan nan na Nofok na tarar da wata gwauruwa da 'yarta malamar makaranta. An ja layi a kan sunan 'yar, a samansa da wata tawada daban ga sunan da ke ƙasan takardar Baba Kuku. Na ajiye wayar na tashi na zaga tsakar gida.

Sai a lokacin ya kamata ka kashe kuɗin takardar aure. Ana saye ne a shafin ofishin rajista na ƙasa da suke kira GRO, ka ba da shekara da kwata da gunduma da lambar kundi da ta shafi, yadda ka gani a FreeBMD. Kuɗin fam goma da 'yan kai ne. Ta haihuwa da ta mutuwa ana iya samun hotonsu ta intanet da rahusa, ta aure kuwa sai ta gidan waya. Katin nairana ya ƙi wucewa, sai na tura wa ɗan yayana da ke karatu a can kuɗin, ya saya da adireshinsa, ya turo min hoto ta WhatsApp. Takardar na ɗauke da shekarun ango da amarya, da inda suke zaune, da sunan uban kowa da sana'arsa, da shaidu. Sunan uwa babu shi, sai a 2021 suka fara sawa. Kada ka raina shaidu, galibi 'yan'uwa ne. Uban Uwargida, dangin Sarauniya in ji Gwaggo, an rubuta marigayi, mai kantin yadi da kayan ɗinki.

Daga nan gangara ce. Suna ƙidaya duk shekara goma, tun 1841 ake rubuta sunan kowa a ciki, kuma ana buɗe kowace bayan shekara 100. Ta 1921, da aka buɗe a 2022, ta nuna min Uwargida tana yarinya 'yar makaranta, da shekarunta har da watanni. Ta 1911 da hannun maigidan kansa take, yana faɗin shekarun aurensa, da 'ya'ya nawa aka haifa, nawa ke raye, da ɗakuna nawa ne a gidan. Ka ci gaba da ja baya, 1901, 1891, 1881, kana kama uban yana saurayi yaron kanti, sannan yana yaro a gidan nasa uban. Kada shekaru su ruɗe ka in sun saɓa da ɗaya ko biyu, kuma ka gwada rubutun suna ta hanyoyi daban-daban, don mai kwafa ma ɗan Adam ne. A gaban sunan kakan an rubuta Ag Lab, taƙaitawar da za ka yi ta cin karo da ita. Ma'anarta leburan gona, mai noma a gonar wani. A FamilySearch, wanda shi kyauta ne, na sami rajistar cocin ƙauyensu. Wajen sa hannun ango babu suna, sai kuros, limamin cocin ya rubuta a gefe cewa alamarsa ce. Ba abin mamaki ba ne, sai a 1880 aka tilasta karatun firamare a Ingila.

Saura ambulan ta Kenya. A jerin fasinja na ƙarshe da na same su, layin ƙasar da ake nufin zama ya daina cewa Najeriya, ya koma Kenya, jirgin kuma Mambasa ya nufa. Na daɗe ina tambayar kaina me ya hana mutumin da ya san ƙasar Kano ciki da bai ya yanki gona a nan. Amsar tana cikin dokar ƙasa ta 1910, wadda ta sa duk ƙasar Arewa a hannun Gwamna da sunan riƙo don 'yan ƙasa. Bature ba ya mallakar fili, sai dai takardar izinin zama ta wasu shekaru, kakar wadda har yau muke kira si-of-o. Zamansu ma a keɓe yake, a Bariki, da tazarar yadi 440 da ba a gini tsakaninsu da mu. Ni ban ɗauki wannan a matsayin tausayi zalla ba. Ƙasar Kano cike take da manoma, suna biyan haraji, suna tara dalar gyaɗa da kansu, ga zafi ga sauro, to me za a kori mai kawo riba a kai? Kenya kuwa tuddai ne masu sanyi. An keɓe su ga Turawa, an tashi Masai a 1904 da 1911, Kikuyu da Nandi sun rasa gonaki, dokar 1915 kuma ta ba da hayar fili ta shekara 999. Can Baturen gonanmu ya kai matarsa. Jikar mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana noma gonar wani, ga ta ta zama uwargidan gona a ƙasar da aka raba masu ita da ita.

Neman mutum a Kenya ya fi sauƙi fiye da yadda na zata. Tsofaffin Gazet ɗin Kenya suna Google Books kyauta, ka sa suna tsakanin alamun zance ka bincika. A ciki ake buga jerin masu zaɓe na Turawa da sana'a da akwatin gidan waya, da sanarwar rabon gado. Akwai kuma shafin Europeans in East Africa da ya tattara sunayen 'yan kaka-gida. Hatimin da ke kan ambulan ɗin Baba Kuku ya dushe, baƙaƙe uku kawai ake gani, amma da na ga garin a Gazet sai suka zauna daram. Sun isa ne gab da dokar ta-ɓaci ta Oktoban 1952, zamanin Mau Mau. Bayan 'yancin Kenya a Disamban 1963 sunansu ya daina fitowa.

Ƙarshenta a littafin gado na Ingila na same shi. Tun 1858 suka fara buga shi shekara-shekara, kuma ana duba shi kyauta a shafin gwamnatinsu. Yakan ba da suna, da adireshin ƙarshe, da ranar mutuwa, da yawan dukiyar da aka bari, a tsofaffin shekaru har da sunan wanda aka damƙa wa rabon. Uwargida ta koma Ingila, ta mutu da tsufa a wani gari na bakin teku. Fihirisar haihuwa, ta hanyar sunan gidan uwa, ta ba ni 'ya'yanta, daga nan na ga wata jika da ta ɗora bishiyar danginsu a Ancestry.

In za ka rubuta wa irin waɗannan, ka tuna daga ina wasiƙarka take fitowa. Saƙo daga Najeriya mai ambaton marigayiya da gado, kafin a kai layi na biyu an goge shi. Kada ka ambaci wasiyya, kada ka nemi komai, kada ka zuba musu duk abin da ka tono a kan danginsu, tsoro za ka ba su. Ni layi huɗu na rubuta. Na ce kakana ya yi wa kakarki girki a Kano, ga hoton takardar da ta rubuta masa, ina tsammanin za ki gane rubutun. Wata biyu shiru. Rannan bayan la'asar sai ga amsa, da hotuna uku daga wani tsohon kundi. A ɗaya ga Uwargida a kan doki. A ɗaya ga gidan ƙasa mai faɗin baranda. A na ukun ga maza huɗu tsaye cikin fararen kaya a bakin madafa, ta turo har da bayan hoton, inda aka rubuta Kano, sai aikin kowa: kuku, boyi, ƙaramin boyi, mai lambu. Ba sunan ko ɗaya.

Na kai hoton wajen mai wankin hoto a Kantin Kwari aka fitar min da shi babba, na kai wa Gwaggo. Ta kai shi dab da idonta, ta sa yatsa a kan na biyu daga hagu.

Ta ce, "Ga Baba nan. Wannan kuma Kawu ne, ƙanen Innarmu, shi ya kai shi aikin. Sauran biyun mutanen Gwagwarwa ne, bari sunan zai zo min."

Na ce, "Gwaggo, ashe uban Uwargida mai kantin yadi ne."

Ta ce, "Kai dai ka cika bin takarda. Ɗauko abin rubutu."

Na juya hoton, tana faɗa ina rubutawa a bayansa. In kai ma ka kai wannan gaɓa, da fensir za ka rubuta, don tawadar biro tana huda takarda ta ɓata fuskar hoto.